Buhu Mai Lamba Goma Sha Ɗaya

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wa Sufeto Kashim Babura rahoton sata a Kazaure, kuma daga jin abin da aka sace ransa ya ɓaci. Ba saniya ba ce, ba babur ba. Takardu ne, buhu guda.

Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Ɓarawon saniya ba ya ba shi wahala. A kama shi da igiya a hannu, ya yi rantsuwa sau uku, ya amsa. Ɓarawon takarda kuwa galibi yana da babbar riga, yana da digiri, yana kuma da wanda zai buga wa waya.

A wani tsohon gini aka yi satar, wanda kwamitin tantance makin makarantu kan ara na wata ɗaya duk shekara. Kowace shekara, kafin 'yan ajin ƙarshe na sakandare su zauna jarrabawar fita, makarantunsu kan aika makin gwajin da malamai suka yi musu a aji, a haɗa shi da na babbar jarrabawa. Da yake an daɗe da gano cewa wasu makarantun yaransu sun fi ƙoƙari a takardar maki fiye da a cikin aji, sai aka kafa kwamiti ya riƙa zagayawa yana ɗebo takardun yara, a gwada abin da malami ya bayar da abin da makaranta ta aiko.

Malama Sadiyya Yankwashi ce ta tarbe shi a ƙofa, mace mai kamar shekara hamsin, da koren biro a hannu. Ita ce mai tantancewa, ita ta zagaya makarantun Babura da Roni da Gwiwa da Kazaure, ita kuma ta gano satar da safe. Ta yi masa bayani a tsaye, cikin fushi. A kowace makaranta rajista take buɗewa, ta ƙirga suna huɗu ta ɗauki na biyar, ta karɓi takardun gwajin wannan ɗalibi a darussa tara. Ta zuba a buhu, ta ɗinke, ta rubuta lamba da koren biro. Ba ta rubuta sunan makaranta, don kada masu duba takardun su ji tausayin garinsu.

Sufeto ya shiga sito. Buhu ashirin da biyu a jere, ba wanda aka taɓa ɗinkinsa. Tsakanin lamba goma da sha biyu akwai gurbi. Ga kwamfuta a kan tebur, ga janareta a lungu, ɓarawon bai ko kalle su ba.

"Na wace makaranta ce sha ɗaya?"

"Sakandaren Rijiyar Kanya, can ƙasar Gwiwa. Yara tamanin da biyar. Takardun sha bakwai daga cikinsu na ɗauko."

"In ba a samu buhun ba fa?"

"Laraba da azahar ake rufe aika maki. Makarantar da ba a tantance ta ba, ba a karɓar makinta. Duka tamanin da biyar ɗin, Yallaɓai. Su zauna jarrabawa, su ci, sakamako ya ƙi fitowa. Sai baɗi, ga wanda ubansa bai mayar da shi gona ba kafin nan."

Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau. Mai kula da sito, wani dattijo Haladu, ya fara rantse cewa mukulli bai taɓa barin aljihunsa ba. Sufeto ya ce ya nuna masa aljihun. Aljihun a huje yake tun bara. Daga nan Haladu ya amsa cewa in zai tafi Juma'a ƙarƙashin randar ruwa yake tura mukullin, haka yake yi shekara goma sha tara, kuma ba wanda ya sani sai waɗanda suka taɓa aiki da kwamitin. Sufeto ya tambaye shi mutum nawa ke nan. Haladu ya yi lissafi da yatsu, yatsun suka ƙare.

Shugaban kwamitin, wani Dakta mai yawan duba agogo, ya riga ya gama nasa binciken tun kafin 'yan sanda su iso. Ya ce ai ba sai an wahala ba. Akwai wani malamin lissafi na makarantar, Malam Yakubu, da ya zo nan ranar Juma'a da safe yana ɗaga murya har a kan titi ana jin sa. A kama shi, a rubuta rahoto, kowa ya huta.

"In na kama shi, yaran za su samu makinsu?"

Dakta ya duba agogo. Ya ce wannan kuma wata magana ce, doka ba ta tambayi wanda ya sata ba, buhu kawai ta sani.

"To ni ma buhun nake nema," in ji Sufeto.

Duk da haka ya sa aka kawo Malam Yakubu caji ofis bayan azahar. Siririn mutum ne, rigarsa ta koɗe a kafaɗa, yana da irin fuskar da ba ta da farin jini a ɗakin malamai. Bai jira tambaya ba. Ya ce ranar Alhamis ya ga kwafin takardar maki da makaranta ta aika, ya duba layin lissafi, bai ga maki ko ɗaya da ya fito daga bironsa ba. Yaron da ya ba uku cikin ashirin ya koma sha bakwai. Shi ya sa ya hau babur ya zo wurin kwamiti. Suka ce ya rubuta koke. Ya ce ga shi a rubuce. Suka ce dole koken ya biyo ta hannun shugaban makarantarsa.

"Wato wanda kake ƙara shi zai sa hannu a turo."

"Haka suka ce, ranka ya daɗe."

"Ina ka yi Juma'a?"

Malam Yakubu ya kau da ido. Ya ce a babban masallaci.

"A kan me aka yi huɗuba?"

"A kan... haƙuri."

"A kan haƙƙin maƙwabci aka yi. Ina sahu na uku. Malam, kana zaune a gabana ana zarginka da sata, kuma ƙarya ce farkon abin da ka miƙo min. Ina ka tafi?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce bakin dam ya tafi. Ya fito daga wurin kwamiti zuciyarsa na tafasa, ya zauna a kan dutse, yana jin kiran salla ta lasifika ya kasa tashi. Masu kamun kifi biyu sun gan shi, ɗaya ma ya yi masa faɗa. Ya roƙi Sufeto kada maganar ta je ƙauye.

Sufeto ya dube shi da takaici. Mutum ya gwammace a kira shi ɓarawo da a ce ya bar Juma'a sau ɗaya. Ya tambaye shi ko ya san lambar buhun makarantarsu. Yakubu bai ma san ana sa lamba ba. Ranar da Malama Sadiyya ta je, an tura shi rakiyar yara wasan ƙwallo, shi da bai taɓa buga ƙwallo ba.

Ran Lahadi masu kamun kifin suka tabbatar da maganarsa. Ran nan kuma Sufeto ya buga wa Malama Sadiyya waya ya yi mata tambaya ɗaya: wa ke tsaye lokacin da ta rubuta lamba a jikin buhun? Ta ce ƙa'ida ce shugaban makaranta ya tsaya, ya sa hannu a fom. Daga ita sai shi.

Litinin da safe ya kama hanyar Gwiwa. Bazara ta kankama, gonaki fayau, ko'ina hayaƙin sharar gona na tashi. Makarantar Rijiyar Kanya ajujuwa shida ce, biyu ba rufi, da tuta, da ofishin shugaba wanda shi kaɗai aka yi wa fenti.

Alhaji Daudu, shugaban makarantar, ya tarbe shi da hannu biyu da ruwan sanyi. Cikakken mutum, farar riga, carbi, saura shekara biyu ya yi ritaya. A bango ga lambar yabo ta makarantar da ta fi kowace ci gaba a shiyya, an goge ta tana ƙyalli. Ya ce labarin satar ya girgiza shi. Ya ce Yakubu tamkar ɗansa ne, amma yaro ne mai zafin kai, ba ya son a gyara masa aiki. Allah dai ya shirye shi.

Sufeto ya nemi kwafin takardar maki. Ya ɗora yatsa a layin lissafi ya gangara. Sha biyar, sha shida, sha bakwai, sha takwas. Sha biyar, sha shida, sha bakwai, sha takwas. Har ƙasa. Ya duba layin Turanci, shi ma haka, sai dai ya fara daga sha bakwai.

"Yaranka akwai tarbiyya, Alhaji. Ko cin jarrabawa bi-da-bi suke yi."

Alhaji Daudu ya yi murmushi, ya ce malamai ne suka kawo, shi tattarawa kawai yake yi. Sufeto ya ce yana so ya ga sauran takardun gwajin, na yaran da ba a ɗauka ba. Alhaji ya ce abin takaici, gara ta shiga kabad, ya sa an zubar. Garar ta jira har mai tantancewa ta tafi sannan ta ji yunwa, amma Sufeto bai faɗi haka ba. Ya tambaye shi lambar buhun. Alhaji ya ce wallahi bai lura ba, ya dai sa hannu. Ya taɓa aiki da kwamitin? Ƙwarai, shekara uku, tun da daɗewa. Ina ya yi Juma'a? A Roni, unguwarsu, inda ya saba.

Ana cikin haka iska ta turo taga, ta kwashe wata takardar ɗalibi daga kan tebur ta yar a ƙasa, daidai takalmin Sufeto. Alhaji Daudu ya zabura kamar ya ga kunama. Ya duƙa da ƙibarsa ya ɗauke, ya kaɗe ta a rigarsa, ya ɗora can saman kabad.

"Akwai bisimilla a kai," ya ce yana haki. Ya ƙara da cewa shi ya kafa dokar a taron safe tun zuwansa makarantar: duk takardar da yaro zai rubuta, ko ta lissafi ce, sai ya fara da sunan Allah a sama. Wanda ya manta, bulala biyu. Ya faɗi wannan da alfahari sosai.

Da Sufeto zai tafi ya nemi lambar wayarsa. Alhaji ya ɗauko takarda, ya ɗora rula, ya yage ɗan siririn yanki a miƙe kamar da almakashi, ya rubuta ya miƙa.

Sufeto ya koma Kazaure da tabbaci a zuciya, hannu kuwa wayam. Ya san ɓarawonsa. Amma zargi ba ya shiga kwamfutar hukumar jarrabawa, kuma saura kwana biyu. Tun a hanya waya ta shigo daga wani babba, yana tambayar dalilin da ya sa ake takura wa dattijon kirki alhali ga mai laifi an nuna. Sufeto ya ce hanyar Gwiwa ba sabis sosai, ya kashe.

Ya tarar da hayaniya a kanta. Wani manomi ne daga hanyar Roni yake dukan tebur, kofur na ba shi haƙuri. Karan dawar da ya tara tun kaka don gyaran danga, wani marar mutunci ya shiga bayan duwatsu ya cinna masa wuta. Kofur ya ce bazara ce, kowa na ƙona shara, wataƙila wuta ce ta tsallako. Manomin ya ce wuta ba ta zuwa da takardun boko a hammata.

Sufeto ya tsaya cak. Cikin minti goma yana mota, manomin a gaba, suka biya suka ɗauki Malama Sadiyya.

Wanda ya yi aikin ya san zamani, don a wannan wata ba mai waiwayar hayaƙi. Abin da bai sani ba shi ne takarda in an tara ta da kauri ba ta cinyuwa, gefe kawai wuta ke ci ta bar ciki. A tsakiyar tokar ga ƙunshi uku, baki ya ƙone, ciki fari. Ga guntun buhu da rabin lamba da koren biro. Malama Sadiyya ta durƙusa ta fara zarowa ɗaya bayan ɗaya, hannunta ya yi baƙi. Ta yi ta juya su, sannan ta zauna daɓas a cikin toka.

"Ba amfani. Ba suna, ba maki. Duk saman ya ƙone."

Sufeto ya karɓi guda ya ɗaga ta a rana. Ƙasan takardar wuta ta ci, baƙi da lanƙwasa. Gefe ma haka. Saman kuwa fari ne tas, a miƙe. Ya zaro wata, haka. Wata kuma, haka. Ya ciro ɗan yankin da ke aljihunsa mai lambar waya, ya jera bakinsu.

"Wannan ba wuta ba ce, Malama. Rula ce. Me ke saman takardar yaran nan?"

Ta ce suna, da aji, da makin malami a kewaye da jan biro, a kusurwar dama. Sannan a hankali ta ce, da bisimilla, a tsakiya.

"Duba min ko akwai takardar darasin addini ko ɗaya a nan."

Ta duba har sau biyu. Lissafi, Turanci, Hausa, kimiyya, aikin gona, duk ga su. Ta addini babu ko ƙyalle.

Sufeto ya miƙe yana kaɗe wando. Ya ga abin kamar a gabansa aka yi. Mutum ya bar sallar Juma'a, ya ɗaga randa, ya saci buhu, ya shigo bayan duwatsu, ya saci karan talaka. Sannan ya zauna cikin ranar bazara da rularsa, ya bi takarda ɗari da talatin da shida ɗaya bayan ɗaya yana cire musu kai, don kada ya jefa sunan Allah cikin wutar shara. Shekarar yara tamanin da biyar kuwa ya tura ta ciki bai ko yi tari ba.

Manomin ya tambaya wa zai biya shi karansa. Sufeto ya ce ya zo gobe da yamma zai nuna masa mutumin.

Takarda mai sunan Allah ba a yar da ita a bola. Wanda ya tsinci yagaggen shafi, masallaci yake kaiwa. Kuma mutum ba ya kai irin wannan ajiya masallacin da ba a san shi ba.

Talata da sassafe suka isa Roni, Sufeto da Malama Sadiyya da kofur direba. Masallacin unguwar su Alhaji Daudu ƙarami ne, da bishiyar darbejiya a ƙofa. Ladanin, Baba Kura, tsoho ne mai tsagen Barebari da ya dushe a fuska, yana sharar tabarmi. Sufeto ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali da zafi, sannan ya tambayi inda ake ajiye tsofaffin shafuka.

Baba Kura ya nuna wani buhu a rataye da ƙusa, can sama kusa da rufi, inda ɓera ba ya kaiwa. Ya ce duk shekara yake binnewa, amma sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, don ƙarfinsa ba na haƙa a bazara ba ne. Ya ce ko ranar Juma'a Alhaji Daudu ya matsa masa ya binne da wuri, har ya ce zai turo mai haƙa.

"Ranar Juma'a, Baba?"

Ya ce bayan la'asar. Alhaji ya zo da baƙar leda, duk jikinsa warin hayaƙi, ya taka kujera ya zuba da hannunsa. Mutumin kirki, mai girmama sunan Allah. Shi ya sa ma aka yi mamakin rashin ganinsa a masallacin Juma'a, don sahun farko ba ya wuce shi, har aka bar masa gurbi ana ta waige.

Sufeto ya miƙa hannu zai sauko da buhun. Tsohon ya dakatar da shi da tsintsiya.

"Kana da alwala, ɗan nan?"

Sufeto ya fita ya yi alwala. Ya dawo ya sauke.

A saman tsofaffin shafuka ga ledar. A ciki, takardun darasin addini goma sha bakwai cif, ko ƙura babu. A ƙarƙashinsu ƙullin siraran yankuna, an ɗaure su da zaren buhu, an jera su tsaf kamar za a kai ofis. Kowane yanki da bisimilla a tsakiya da rubutun yara, suna a hagu, jan da'ira a dama. Malama Sadiyya ta shimfiɗa su a tabarma, ta buɗe takardar makin makaranta, ta cire murfin koren biro.

Gidan Alhaji Daudu na kallon masallacin. Kofur ya je ya yi sallama, ya ce ana nemansa. Alhaji ya fito da shirin tafiya makaranta, jaka a hannu. Ya cire takalmi ya shigo. Da idonsa ya faɗa kan tabarmar, sai ya dafa bango.

"Bismilla, Alhaji, zauna. Malama, karanta mana."

Ta karanta ba tare da ta ɗago ba. Zaharadeen Haruna, lissafi, jan biro ya ce uku, takardar makaranta ta ce sha bakwai. Fatu Lawan, Turanci, shida, sha takwas. Bahijja Jauro, lissafi, sha tara. Takardar makaranta, sha biyar.

"Tsaya nan," in ji Sufeto. "Ita wannan me ta yi maka?"

Sufeto bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"'Yar makiyaya ce, ko? Daga ruga take zuwa da ƙafa. Ta ci sha tara a wurin malamin da ba ya ba da maki kyauta, ka rage mata huɗu, don sunanta ya faɗo a kan sha biyar lokacin da kake zagaya lambobinka. Ko takardarta ba ka buɗe ba."

Daga nan maganar ta ɓalle wa Alhaji Daudu. Ya ce takarda aka aiko daga sama: duk makarantar da yaranta saba'in cikin ɗari ba su haye ba, a sauke shugabanta a mayar da shi aji. Shi da shekara talatin da uku a aiki, a mayar da shi riƙe alli a gaban waɗanda ya koyar. An aiko masa malamin kimiyya? Ba a aiko ba. An rufe masa ajin da iska ta yaye? Ba a rufe ba. Maki kawai ake so, ya ba su maki. Ya ce kowa haka yake yi, a je a buɗe sauran buhunan a gani. Shekara uku masu tantancewa na zuwa su ci abinci su sa hannu su tafi. Bana aka turo masa mace mai ƙirga suna biyar-biyar. Ya ce shi yaran ya taimaka wa.

"Ka san in buhun ya ɓace an soke makinsu duka."

"Na ɗauka za a yi musu afuwa. Ana yi."

"Ka ɗauka. Yakubu fa? Shi ma ka ɗauka za a yi masa afuwa in an kore shi?"

Baba Kura na tsaye da tsintsiya, yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Sufeto ya ɗauki yanki ɗaya ya nuna masa jan da'irar. Ya ce abu ɗaya ne bai gane ba. Alhaji ya zauna ya yage waɗannan da hannunsa, makin na kallonsa. Me ya hana shi cire kusurwar?

"Na fara," in ji Alhaji Daudu, muryarsa can ƙasa. "Yaran suna jan rubutun har ya shiga cikin da'irar. Tun a ta farko na ga zan yage harafi. Sai na ji tsoro." Ya share fuska. "Kuma wa zai buɗe buhun masallaci?"

Sufeto ya dube shi. Akwai maganganu da yawa a bakinsa, ba ko ɗaya da ta dace da cikin masallaci. Ya juya wurin Malama Sadiyya ya tambaye ta ko wannan ya isa.

Ta ce ya isa. Samfuri ya samu, ɗari da hamsin da uku, ba wanda ya ɓace. Za ta rubuta cewa takardar makaranta ƙarya ce, a karɓi littattafan makin malamai na hannunsu, ta gwada da waɗannan, a aika kafin azahar ɗin gobe. Yaran za su samu sakamakonsu. Sai dai makin gaskiya za su samu, kuma fiye da rabinsu ba za su ji daɗinsa ba. Ta ce ta san iyayen ba Alhaji za su zaga ba, ita da Yakubu za su zaga.

"Ku sa ni a na uku," in ji Sufeto.

Ya jira ta kwafe na ƙarshe ta ɗauki hoton kowanne da waya, sannan ya tattara yankunan ya mayar cikin leda. A waje mutanen unguwa sun fara taruwa a gindin darbejiya. Kofur ya fito da ankwa. Alhaji Daudu ya miƙa hannu bai yi gardama ba, ya dai roƙi a rufe da hannun riga. Ba a rufe ba.

Aka hau da shi bayan a-kori-kura. Kofur ya karɓi ledar shaida ya jefa ta a ƙasan motar, kusa da tayar safaya da takalman aiki.

"Kofur, don Allah kada ka ajiye a nan," in ji Alhaji Daudu da sauri, yana yunƙurin tashi da ankwarsa. "Akwai sunan Allah a ciki."

Sufeto Kashim ya sunkuya ya ɗauko ledar, ya kaɗe ta, ya ɗora masa a cinya.

"Riƙe da kyau, Alhaji. Akwai na yaran ma."

Ya buga gefen motar da tafin hannu, direba ya kama hanyar Kazaure.